Kyamarar Aljihu a Kano: Yadda Za Ka Zaɓa, Ka Gwada, Ka Ci Moriyarta

Ranar da ɗan ƙanwata ya yi saukar Alƙur'ani, ina tsaye can baya saboda cinkoso. Aka miƙa masa allo, ya gyara zama, ya ja Basmala, ni kuma na ɗaga waya ina ɗaukar bidiyo. Bai kai aya ta uku ba kira ya shigo. Kafin in katse in koma, yaro ya kai inda malam ya tsayar da shi, jama'a sun ɗauki kabbara. Abin da ya rage a wayar bai fi daƙiƙa 12 ba, fuskar yaron kuwa, da yake daga nesa na zuƙo ta, ta dagule kamar an zuba wa rubutun allo ruwa. Da daddare uwarsa ta ce, "Yaya, turo min in gani." Na tura mata. Ba ta ce komai ba, amma na san ranta bai so ba. A watan da abin ya faru na sayi ƙaramar kyamara, irin wadda ke shiga aljihun riga, kuma har yau ba na zuwa taron dangi ba tare da ita ba.

Gaskiya ɗaya tun daga farko: waya mai tsada ta fi ƙaramar kyamara mai araha iya hoton dare. Wanda ya ce maka ba haka ba, kaya yake so ya sayar. Amma akwai abubuwan da kyamara ta fi. Da gilashi take zuƙo abu, ba da dabarar faɗaɗa hoto ba. Filasharta ta fi fitilar waya ƙarfi nesa ba kusa ba. Batirinta daban, memorinta daban, kira ba ya shigo mata. Sannan akwai amfanin da mu nan muka fi kowa saninsa: ranar kamu ko yinin biki, namiji ba ya shiga cikin mata. Kyamara kake miƙa wa ƙanwarka ta shiga da ita, ba sai ka ba da wayarka da duk abin da ke ciki ba.

Mataki na 1: me za ka ɗauka da ita?

Kafin ka taka ƙafa kasuwa, ka amsa wa kanka wannan tambayar, domin kyamarar aljihu kala-kala ce.

Akwai 'yan ƙanana masu sauƙin kuɗi, irin su Canon IXUS, Sony Cyber-shot W800 da W830, Nikon Coolpix, da Kodak PixPro FZ45 da FZ55. Sensarsu, wato ɗan allon da ke bayan gilashi wanda haske ke sauka a kai, ƙarama ce, kamar milimita 6 da 4.5, ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Da rana hotonsu garau. Bayan magariba sai da filasha. Idan bukatarka suna, walima, ziyarar ƙauye da hoton yara ranar Sallah, sun ishe ka.

Akwai masu dogon zuƙo, kamar Canon SX740 HS mai ninki 40, da dangin Panasonic Lumix TZ masu ninki 30. Su ma sensarsu ƙarama ce, amma daga kan Dutsen Dala za su kawo maka hasumiyar masallaci gabanka, kuma a ranar hawa su ne ke ba ka fuskar mahayi alhali kana bayan sahu.

Sai kuma masu babbar sensa, wadda ake kira inci ɗaya. Faɗinta milimita 13.2 da 8.8 ne, ta ninka ta 'yan ƙananan kusan sau huɗu, don haka ta fi kamo haske. Sony RX100, wadda ta fara fitowa a 2012, ita ta buɗe wannan hanya. Canon G7 X Mark II ta 2016 da Mark III ta 2019 suna wannan layi, haka ma Sony ZV-1 ta 2020 da aka ƙera don masu bidiyo. Idan aljihunka zai ɗauka, nan nake ba da shawara. A cikin ɗaki, a ɗakin taro, ko a zaure da la'asar, su ne ke fid da kunya. Wanda kuma bidiyo ne kawai a gabansa, ya duba DJI Osmo Pocket 3 ta 2023: ƙaramar sanda ce mai kai da ke daidaita kansa, ko kana tafiya hoton ba ya rawa.

Ka san kuma cewa yawancin abin da za ka tarar na hannu ne. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120, a 2023 kuwa ba su kai miliyan 8 ba, saboda waya ta cinye kasuwar. Casio ma ya daina ƙera irin waɗannan tun 2018. Ga shi matasa a duniya sun dawo suna yayin tsofaffin kyamarori, abin da ya sa wadda aka jefar a durowa jiya, yau ta yi kuɗi.

Mataki na 2: kada lambar kwali ta ruɗe ka

Za ka ga wasu sababbi fil a kwali mai ƙyalli, babu sunan kamfanin da ka sani, an rubuta megafiksel 48 ko 64, wato yawan miliyoyin ɗigon da ke haɗa hoto, da 4K, wato bidiyo mai ɗigo da yawa, da manyan baƙaƙe. Ka wuce su. Sensar cikinsu ƙarama ce ƙwarai, manhaja ce ke kumbura hoton don lamba ta cika. Hanyar gane su mai sauƙi ce: danna zuƙo ka dubi gaban kyamarar. Idan gilashin bai motsa ba, kuma ba ka ji ƙarar ɗan inji a ciki ba, yanka hoton kawai take yi tana faɗaɗawa. Araha ba ta ado.

Maganar megafiksel kuwa, an cika zuzuta ta. Hoton da ake wankewa mai inci 5 da 7 bai bukatar fiye da megafiksel 3 da ɗoriya. Mai inci 8 da 10, wanda ake sa wa firam a rataye a falo, megafiksel 7 zuwa 8 ya ishe shi. Tsohuwar Canon mai 12 ta fi marar suna mai 48.

Mataki na 3: gwaji a gaban mai kaya

Nan ne kuɗi ke tsira ko su salwanta, don haka zan daɗe a nan.

Masu kayan lantarki a Sabon Gari da shagunan Beirut Road su ne wurin fara tambaya. A Farm Centre kuma ba za ka rasa memori, rida (ɗan abin da ake sa memori a ciki a jona shi da waya ko kwamfuta) da caja ba. Ana tallata kyamarori a Jiji da Facebook, amma kada ka yi cinikin biri a sama: ba a tura kuɗi sai kaya na hannunka. Farashi yana bin dala, don haka ka taya a wuri uku kafin ka yanke. Idan akwai mai hoto a unguwarku da kuke mutunci, ka roƙe shi ya raka ka, idonsa zai ga abin da naka bai gani ba. Ka tafi da memorinka, da rida, da wayarka cike da caji, ka kuma je da rana.

Bayan gaisuwa, ka faɗi nufinka a fili: "Alhaji, zan gwada ta sosai kafin mu yi ciniki, ka yi haƙuri da ni." Mai kayan kirki zai ce, "Bismillah, Malam, ga kujera." Wanda ya fara ƙorafin batir ba caji, ka ce ya sa ta a wuta, za ka jira.

Fara da kunnawa da kashewa, sau biyar ko shida. Gilashin ya fito sumul ya koma sumul. Idan ka ji yana gurzawa kamar akwai yashi, ko ya tsaya ya yi jinkiri, ajiye ta. Maƙalewar gilashi ita ce ajalin yawancin ƙananan kyamarori, gyaranta kuma sau da yawa ya kai kuɗin wata. Dubi 'yan ƙofofin da ke rufe gilashin, su buɗe duka su rufe duka.

Kunna fitilar wayarka ka haska cikin gilashin ta gefe. 'Yar ƙura ɗaya biyu ba komai. Abin gudu shi ne ƙarzuwa a tsakiya, ko wani farin abu mai kama da yanar gizo-gizo a ciki. Wannan fumfuna ce, danshi ke kawo ta, an fi samunta a kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku.

Yanzu zuƙo har ƙarshe, ka ɗauki farin bango ko sararin sama. Buɗe hoton ka faɗaɗa. Idan ka ga baƙin tabo mai dishi-dishi, sake ɗauka a wani wurin. Tabon ya sake fitowa daidai inda yake? Ƙura ce ta hau sensa, kuma a irin waɗannan kyamarori ba a cire gilashi, sai an kwance ta gaba ɗaya. Za ta biyo ka cikin kowane hoto. Daga nan ka manna jarida ko kalanda a bango, ka tsaya daidai gabanta ka ɗauka. Rubutun ya fito a kusurwa huɗu daidai wa daida. Idan gefe ɗaya ya fito ɗaya ya dagule, kyamarar ta taɓa faɗuwa. A tsofaffi sosai, ka lura da layi-layi ko launin shuɗi da ja da ke malala a hoto, alamar sensa ta kusa mutuwa ke nan.

Gwada filasha sau uku a jere. Yi bidiyon minti biyu kana magana, ka zuƙo ka mayar, sannan ka saurara. Danna kowane maɓalli. Buɗe gidan batir ka duba ko akwai tsatsa ko farin gari a bakin ƙarafan. Ciro batirin ka ɗora a kan teburin gilashi ka juya shi da yatsa: idan ya yi ta juyawa kamar katantanwar yara, ya kumbura, sai an sake wani, a rage maka kuɗinsa. Kafin ka ciro shi ka saita kwanan wata, ka bar shi a waje minti ɗaya, ka mayar. Idan kwanan watan ya goge, ɗan batirin ciki ya mutu. Ba ya hana aiki, amma kullum sai ka sake saiti.

Abu na ƙarshe, zare memorin ka sa a rida ka duba hotunan a wayarka. Fuskar kyamara ƙarama ce, tana ɓoye aibi. Sai bayan nan za a yi maganar kuɗi. Ka nemi rasit mai lambar jikin kyamarar, da alkawarin kwana biyu ko uku na mayarwa, a rubuce.

Mataki na 4: memori da batir

Memori ba duka ɗaya ba ne. SD na asali ya tsaya a 2GB. SDHC daga 4GB ne zuwa 32GB. SDXC daga 64GB zuwa sama. Kyamarar da aka ƙera kafin 2006 galibi ba ta karanta SDHC, wadda ta zo kafin 2010 kuma da wuya ta karanta SDXC. Mutane da dama sun zaci kyamararsu ta lalace, alhali memorin ne ya fi ƙarfinta. Tsofaffin Sony suna amfani da Memory Stick, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma xD, dukansu sun yi wuyar samu yanzu. Ka tabbatar da memorin kafin ka biya kuɗin kyamarar.

Ga hoto, 32GB ya isa, zai ɗauki hotuna kamar 4,000 a kyamara mai megafiksel 20. Ga bidiyon 4K, nemi mai alamar sauri V30 ko U3. Ni na fi son biyu masu 32GB a kan ɗaya mai 64GB, don in ɗaya ya ba da matsala, ba a yi asarar komai duka ba.

Jabun memori ya taɓa cin min hotunan suna guda. A hannun wani mai talla na saya a bakin titi, an rubuta 64GB, kyamara ma ta nuna 64GB. Hotunan farko suka zauna lafiya, na baya duk suka ƙi buɗuwa, domin ainihin cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba. Tun daga ranar, duk memorin da na saya sai na cika shi taf da bidiyo a kwamfuta, na buɗe na farko da na ƙarshe. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta, H2testw, da ke yin wannan gwajin. Idan ya ci jarrabawa, ka sa shi a kyamara ka yi masa fomat, wato ka goge duk abin da ke ciki ka shirya shi sabo, daga cikinta, ba daga waya ba.

Batirin waɗannan kyamarori yakan ba da hoto 200 zuwa 300 a caji ɗaya, bidiyo kuwa ya fi shan sa. Da yanayin wutarmu, batir biyu wajibi ne. Lambarsa tana jikinsa: NP-BX1 na RX100 da ZV-1, NB-13L na G7 X, NP-BN1 na W800. Ka nemi cajar da ke aiki da USB, don ka ci moriyar fawa-bank ko sola idan an ɗauke wuta. Idan cajar bango ce, duba a ga an rubuta 100 zuwa 240V. Masu cin batirin AA, irin FZ45, kada ka sa musu na tocila mai araha, hoto goma ba za su yi ba. Sayi masu caji na NiMH guda huɗu.

Mataki na 5: saitin farko

Minti goma ne, sau ɗaya. Saita kwanan wata da lokaci daidai, domin shekara biyar nan gaba shi zai gaya maka wane biki ne. Zaɓi girman hoto mafi girma. Kashe zuƙon dijital, ka bar na gilashi kawai. Kashe ƙarar maɓalli da 'yar fitilar da ke haskawa kafin ɗauka, saboda wurin ɗaurin aure da karatu. Kunna mai hana girgiza. Kunna layukan da ke raba fuskar kyamara gida tara, za su taimake ka kada bango ya karkace.

Akwai saiti ɗaya da 'yan kaɗan suka sani. Wutar Najeriya mai bugu 50 ce a daƙiƙa, ta Amurka 60. Kyamarar da ta zo daga can takan zo a kan NTSC, tsarin bidiyo na masu bugu 60, sai ka ga bidiyo yana ƙifta-ƙifta a ƙarƙashin wasu fitilu. Idan tana da zaɓi, mayar da ita PAL, tsarin masu bugu 50, ka ɗauka a 25p ko 50p, wato hoto 25 ko 50 a daƙiƙa.

Ka fara da Auto na mako guda. Daga nan ka koma kan harafin P, wanda ke barin ka taɓa haske, ISO (wato ƙarfin sensa wajen kamo haske) da filasha da kanka.

Mataki na 6: ɗauka

Riƙe da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, igiya a wuyan hannu. Maɓallin ɗauka hawa biyu ne. Danna rabi, ka jira akwatin ya zama kore a kan fuskar mutum, sannan ka ƙarasa a hankali. Rabin hotunan da ke fitowa dishi-dishi, dannawa ɗaya aka yi da ƙarfi.

Babbar matsalar hoto a Kano ita ce farar shadda a rana. Kyamara na ganin fari ya cika wuri, sai ta rage haske, riga ta fito da kyau, fuska ta yi duhu, ga inuwar hula ko rawani ta ƙara rufe ido. Magani uku ne. Ka matsar da mutane inuwa, gindin darbejiya ko bakin zaure, fuskarsu na kallon inda haske yake. Ko ka nemi alamar +/- ka ƙara zuwa +0.7 ko +1. Ko ka tilasta filasha ta tashi duk da rana, ta cike inuwar. Wannan na ukun shi ne inda ƙaramar kyamara ke kayar da waya a fili. Amma ka sani filashar ba ta wuce kamar mita 3, taku huɗu ke nan. Wanda ke tayar da ita daga bayan ɗakin taro, ƙeyar na gabansa kawai yake haskawa.

Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. A hunturu hazo kan tausasa rana, fuska ta yi kyau, amma abin nesa ya dushe. Idan hoton gari kake so daga Dala ko Goron Dutse, jira damina, washegarin ruwa, za ka ga birni tas.

A marinar Ƙofar Mata, ka je da safe. Kada ka fara da kyamara. Ka yi sallama, "Baba, sannu da aiki," ku gaisa, ka nemi izini, in da hali ka sayi wani abu ko ka yi ihsani. Sannan ka durƙusa daidai bakin rijiyar, ka jira lokacin da ya ɗago zanen. Yana fitowa da ɗan kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonka, ruwan baba na zuba daga hannunsa da ya rine har wuyan hannu. Kunna alamar fure, wato ɗaukar kusa, ka ɗauki hannun kaɗai. A bikin aure ma alamar furen nan ita ce ta lalle, zobe da aikin wuyan riga.

Hawan Sallah, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2024, shi ne babbar jarrabawa. Duk shekarar da aka yi hawa, ka je da wuri ka sami wurin da rana ke bayanka. Doki na gudu yana bukatar saurin ɗauka 1/500, wato kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, ko fiye. Idan kyamararka na da S ko Tv, saita a nan, in babu, zaɓi alamar mai gudu. Kunna ɗauka a jere, ka bi dokin da kyamara kana danne da maɓalli. Kada ka zuƙo har ƙarshe, domin hannu na rawa kuma doki zai fice maka. Ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu yamma ake kaiwa, haske na raguwa, sai ka ɗaga ISO zuwa 800. Kada kuma ka manta da 'yan kallo: yaron da ke kan wuyan babansa, mai algaita da kumatu a cike, dogarai cikin ja da kore.

Bidiyo kuwa, ƙa'idarsa kaɗan ce. 1080p, wanda ke ƙasa da 4K, ya isa ga gida. Minti ɗaya na 4K kan ci kusan 750MB, ya zafafa kyamara, a zafin Afrilu har ta kashe kanta. Ɗauki gajeru, daƙiƙa 10 zuwa 20, ka tsaya cik, ka bar abin ya motsa. Rage zuƙo yayin ɗauka, ƙarar injin na shiga. Murya ta fi hoto muhimmanci a karatu da nasihar iyaye, don haka matsa kusa da mai magana, ka nisanci lasifika da janareta. G7 X Mark III da ZV-1 suna da wurin sa makirfo. Yawancin tsofaffi suna yanke bidiyo kafin minti 30, ka kiyaye wannan a wurin wa'azi ko lacca.

Magana ɗaya da nake ɗauka da nauyi: hoto amana ne. Kada ka ɗauki mace ba da yardarta ba, kada ka ɗora hoton bikin mata a intanet don kawai yana kyamararka. Ka gaya wa wadda ka ba kyamarar ta tambaya kafin ta ɗauka. Wuraren jami'an tsaro da shingayen bincike, ka bar ta a aljihu. A cikin a-daidaita-sahu da cunkoson kasuwa ma haka, masu ƙwacen waya ba sa bambancewa.

Mataki na 7: ƙura da zafi

Sunanta ta aljihu, amma aljihun riga tsirara shi ne makashinta. Akwai zare, ɓawon gyaɗa, garin goro da ƙurar hunturu a ciki, gilashin kuma duk fitowa da komawa yana zuƙar iska. Saka ta a 'yar jaka mai zif, a hunturu ka ƙara da leda mai matsewa. Kada ka kunna ta idan guguwa ta taso ko dawaki sun tayar da ƙura ta nufo ka, juya baya ka rufe ta da riga.

Wajen goge gilashi, fara da hura iska da 'yar robar hurawa, sannan tsumma mai laushi irin na tabarau. Ba a gogewa da gefen riga, domin ƙurar nan yashi ce, ƙarzewa take yi. Ba a hurawa da baki.

Yawancinsu an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40, bazarar Kano kuwa takan wuce haka. Kada ka bar ta a mota a rana, ko na rabin awa. Da damina, in ka fito daga wuri mai sanyin na'ura, bar ta a jaka minti goma kafin ka kunna, don kada gumi ya kama gilashin. 'Yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, ka jefa biyu a jakar. Idan za ta yi wata ba aiki, ciro batirin da rabin caji ka ajiye daban.

Mataki na 8: fito da hotunan

Nan ne yawancinmu ke sakaci. Hoto na zaune a memori shekara biyu, ranar da memorin ya lalace ko aka ari kyamarar, shi ke nan. Ka sa wa kanka doka: daren da aka yi taro, daren za a kwashe.

Hanya mafi sauri ita ce rida mai shiga waya. Yawancin Android da iPhone 15 zuwa sama suna karɓar mai bakin USB-C, tsofaffin iPhone sai mai bakin Lightning. Kyamarori masu Wi-Fi suna da manhajarsu, kamar Camera Connect ta Canon da SnapBridge ta Nikon, amma ka duba saitin, wasu kan rage girman hoto wajen turawa. Buɗe folda ka sa mata suna da shekara a gaba, misali "2025-04 sunan Amira", don su jeru da kansu. Ajiye a wuri biyu, ɗaya a kwamfuta ko filas, ɗaya a intanet. Google na ba da 15GB kyauta. Sai ka buɗe ka tabbatar sun kwafu kafin ka yi wa memorin fomat.

Idan za ka tura wa dangi ta WhatsApp, ka sani yana matse hoto. Danna HD, ko ka tura a matsayin takarda, wato Document, idan wankewa za su yi.

Daga kowane taro ka zaɓi goma ka kai a wanke. Hajiya da ke ɗaki ba za ta yi ta laluben waya ba, amma hoton jikanta a hannu za ta sa shi ƙarƙashin matashi, duk wanda ya shigo gaisuwa ta nuna masa. A situdiyo, ka kai ainihin hoton a filas, ba wanda ya bi ta WhatsApp ba. Yawancin ƙananan kyamarori hotonsu 4 da 3 ne, wato in tsawonsa kashi 4 ne faɗinsa kashi 3, takardar 5 da 7 kuma ta ɗan fi shi tsawo, don haka injin zai yanke sama da ƙasa. Ka ce wa mai wankin, "Malam, a kula da hula, kada a yanke," ka nemi ya fitar da guda ɗaya ka duba launin fata da farin riga kafin ya saki sauran.